Daga kasat zuwa vokal: tarihin salula a Yamai



Ranar Talatar da ta wuce, a shirinmu na gaishe-gaishe na dare, wani dattijo ya kira daga Talladje ya ce yana son ya gaida ɗansa da ke Abijan. Na ce masa, Baba, ai yanzu kana iya kiransa da kanka har ka ga fuskarsa. Sai ya yi dariya ya ce tun safe sun yi magana sau biyu, amma gaisuwar rediyo daban take, ita jama'a ke shaida. Daga nan hira ta juya, masu kira suka shiga tuna yadda ake aika saƙo a da, har lokaci ya ƙare mana. Na yi alkawarin zan rubuta abin da na sani na tarihin salula a ƙasar nan, ga shi na cika. Yana da ɗan tsawo, ku ɗora shayi.

Yaran yanzu ba za su yarda ba, amma ni da ban kai arba'in ba na ga zamanin da ake aika murya a cikin ambulan. Ɗan ci-rani da ke Abijan ko Kumasi ko Legas ko Libiya zai sayi kasat, ya rufe ɗaki, ya danna rakoda ya yi ta magana: gaisuwa ga tsohuwa, gaisuwa ga maƙwabta gida-gida, bayanin kuɗin da ya aiko da yadda za a raba su, faɗa ga ƙanen da ya bar lakkwal. Ya ba direba ko wani mai komawa gida. Kasat ɗin ya yi mako biyu ko wata a hanya. Ranar da ya iso, a shimfiɗa tabarma bayan isha'i, gida duka a zauna a saurara, tsohuwa tana amsa gaisuwar kamar yana gabanta. Akwai masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, ana zuwa wurinsu, sai dai mutane da yawa sun fi son kasat, don wasiƙa sai ka faɗa wa wani sirrinka ya rubuta, can kuma wani ya karanta. Saƙon gaggawa kuwa, rasuwa ko suna ko cigiya, rediyo ake kai wa. A Muryar Sahel mutum ke jin an yi masa rasuwa a garinsu.

Ku riƙe wannan kasat ɗin a zuciya, za mu dawo kansa.

Wayar gida akwai ta, amma ta ƴan ƙalilan ce. A 1997 aka kafa Sonitel daga ɓangaren sadarwa na tsohuwar ma'aikatar gidan waya. Ƙidayar 2001 ta nuna mun kai mutum miliyan 11, layukan waya kuwa a ƙasar duka kimanin dubu 20 ne, mafi yawansu a ofisoshi da gidajen manya na Yamai. Gidan da ke da waya a unguwa ya zama gidan kowa: a kira daga waje a ce a kira mana wance, za mu sake bugowa bayan minti goma, yaro ya ruga da gudu. Na yi wannan gudun ba sau ɗaya ba. Sauran jama'a telesantar suke zuwa, ɗan shago da labule da kan waya ɗaya, kana magana idonka na kan abin ƙirga kuɗi.

A ƙarshen shekarar 2000 gwamnati ta ba kamfanoni masu zaman kansu lasisin salula. Celtel, kamfanin ɗan Sudan ɗin nan Mo Ibrahim, ya fara aiki a ƙarshen 2001. SahelCom, reshen Sonitel, ya shigo, Telecel ma ya biyo baya. Orange na Faransa ya samu lasisi a 2007 ya buɗe a 2008. Daga nan sunaye suka yi ta sauyawa kamar riga. Wani kamfanin Kuwaiti ya sayi Celtel a 2005, a 2008 aka wayi gari an shafe jan fenti an rubuta Zain, a 2010 kuma ƴan Indiya na Bharti suka saye shi ya koma Airtel. Telecel ya zama Moov, ya bi ta hannun Etisalat na Daular Larabawa, a 2015 ya faɗa hannun Maroc Telecom. Duk wannan cinikin a Kuwaiti da Delhi da Abu Dabi da Rabat aka yi shi, mu dai fentin kiyos muke gani ya canza. Har yau akwai tsofaffin da in sun tambaye ka lamba sai su ce, Celtel ce ko Telecel?

A farko salula ado ce. Mai ita yakan rataye ta a ɗamara ko ya ajiye ta kan tebur a wurin biki don a gani. Pus ɗin da yau ake bin ka da shi a titi, a lokacin sayensa ake da tsada. Abin da ya sauko da waya zuwa hannun talaka abu uku ne a ganina: katin ƙananan kuɗi da shap-shap, wato a tura maka kiredi daidai ƙarfin aljihunka, sai Nokia mai tocila wadda cajinta ke kwanaki, sai kuma bip. Kai, bip! Wannan ilimi ne mai zaman kansa. Bip ɗaya, na iso lafiya. Biyu, kira ni. In saurayi ya yi wa budurwa bip da tsakar dare, ta san abin da ake nufi. Kuma akwai ladabinsa: ƙarami ke yi wa babba, mara shi ke yi wa mai shi. In ka ga maigidanka ya yi maka bip, to ka san wata ya yi nisa. A 2006, ina lise, aka mai da lambobinmu daga shida zuwa takwas, masu Celtel suka samu 96 a gaba, wayoyin gida na Yamai suka samu 20. Mun kwana muna gyara wa iyayenmu lambobi ɗaya bayan ɗaya.

SMS ya fi kira arha nesa ba kusa ba, amma bai taɓa zama na kowa ba. Mu ƴan lakkwal ne muka riƙe shi, muna yanka Faransanci gunduwa-gunduwa don saƙo ya shiga cikin harafi 160. Kusan biyu cikin uku na manyan ƙasar nan ba su karatun boko. Mu ma da muka yi, da Faransanci aka koya mana riƙe alƙalami, shi ya sa har yau za ka ga mutum ya rubuta "ina kouana" ko "tchikin gari". Ni kaina sai da na shiga aikin rediyo na zauna na koyi ƙa'idar rubutun Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ. Don haka mai sayar da hatsi a Katako ya gwammace ya biya kuɗin kira, ya ji muryar abokin cinikinsa, a yi ta ta ƙare.

Kuma kiran ya biya shi. Wata malamar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, daidai lokacin da rezo ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa a kasuwannin da rezo ya kai, bambancin farashin hatsi tsakanin wannan kasuwa da waccan ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalilin a fili yake: da sai ɗan kasuwa ya hau mota ya ɓata yini kafin ya san nawa tiyar hatsi take a wata kasuwa, yanzu kira ɗaya ya isa. Wannan binciken ana karantar da shi a jami'o'in duniya, mu da aka yi shi a kanmu kaɗan ne suka ji labarinsa. A 2007 kuma Celtel ya sa Nijar da Najeriya cikin tsarinsa na rezo ɗaya, mai layin nan ya shiga Katsina ko Kano ya amsa kira ba tare da an caje shi kuɗin baƙunta ba. Ku tambayi ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni abin da wannan ya yi musu.

Yaɗuwar ta yi sauri. A ƙarshen 2013, da hukuma ta rufe layukan da ba a yi wa rajista da takardar shaida ba, layi miliyan 1.7 aka yanke daga cikin miliyan 5.4. Ku kwatanta da dubu 20 na shekaru goma sha biyu kafin nan. Yau layukan sun zarce miliyan 10 da nisa. Sai dai a yi hattara da wannan lissafi, don pus ake ƙirgawa. Nawa ne a cikinmu ke da layi ɗaya tak? Ɗaya na kira, ɗaya na mega, ɗaya don ƙauyenmu shi kaɗai ke kamawa. Ƴan Sin na Tecno da Itel sun gane wannan tun da wuri, suka kawo waya mai pus biyu da batir mai ƙarfi da lasifika mai ƙara, a farashin da ɗan kabu-kabu zai iya tarawa. Da haka suka kwashe kasuwa.

Intanet kuwa, a zamaninmu sibar ake zuwa. Ka biya awa guda, rabinta ta tafi wurin jiran shafi ya buɗe. Wurin ɗalibai ne da ma'aikata da masu neman biza. Kafin intanet ya shiga waya ma, mutane sun riga sun samo hanyarsu: katin memwar. Ka kai wa mai kwamfuta a kasuwa ya zuba maka wa'azi da karatu da finafinan Kano da kokowa, a fada kuma a tura wa juna ta bulutut. Duk abin ji ne da kallo. Da 3G ya zo, Facebook ya fara cika da ƴan boko. Amma ranar da ƙofar ta buɗe wa kowa da kowa ita ce ranar da WhatsApp ya sa wannan ɗan makirufon, a 2013. Ka danna, ka yi magana, ka saki. Ba ruwanka da harafi, ba ruwanka da Faransanci. Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, Barbarci, duk sun shiga.

Kun ga kasat ya dawo ke nan. Gwaggona da ba ta taɓa rubuta sunanta ba, yau tana cikin gurup huɗu: na dangi, na adashe, na makarantar islamiyya, na ƴan garinsu. Tana gane mutum da hotonsa, tana gane saƙo da alamar makirufo. Vokal ɗinta yakan kai minti bakwai, kuma tsarinsa tsarin kasat ne sak: sallama, gaisuwa gida-gida, sannan maganar da ta kawo ta a can ƙarshe. Abin da ya ɗauki wata a hanya yanzu daƙiƙa yake ɗauka. Rahotannin kamfanoni suna magana kan mega da giga da yawan masu 4G, amma in ka leƙa wayar mutanenmu, murya ce cike da ita.

Mu ma'aikatan rediyo abin ya zo mana ta fuska biyu. Ta ɗaya, mun samu masu saurare da ba mu taɓa mafarki ba. Da eriyarmu iyakarta Yamai da kewaye, yanzu ana jinmu a Agadas da Tamanrasset da Makka, kuma kowane mai waya ya zama wakilinmu: gada ta karye, ruwa ya ci gari, kafin mu aika ɗan rahoto an riga an turo mana murya da hoto. Ta ɗaya fuskar kuma, aikin da muke yi na tantance magana kafin ta fita, yanzu ba mai jiranmu. Wata rana ina cikin situdiyo, minti biyar kafin labarai, vokal ya shigo cewa wani sanannen malami na wata unguwa ya rasu, har da lokacin jana'iza. Muryar dattijo ce mai natsuwa, da salati da komai. Gurup uku suka turo mini shi. Na riga na rubuta sanarwar a takarda, sai mai kula da na'ura ya ce, ka dai kira gidan. Na kira. Malam da kansa ya ɗauka. Ya ce ni ne na goma sha da ya kira yana tambayar ko ya mutu. Mun yi dariya, amma jikina ya yi sanyi, don da na karanta, rediyo ce ta faɗa.

Matsalar vokal ita ce kunnenmu ya saba gaskata murya. Mun taso muna jin cewa abin da aka faɗa a rediyo an tabbatar da shi, abin da ke cikin kasat kuma ɗanka ne ya faɗa. Yanzu ga murya ba suna, ba gari, ba kwanan wata, an turo daga wanda aka turo wa. Ta ce kar a sha magani kaza, ta ce an kai hari wuri kaza, ta ce kabila kaza ce ta yi. Tsohon vokal na shekara uku ya sake tashi kamar yau aka yi shi. Rubutu ko ba komai kana iya neman asalinsa, murya cikin Hausa ko Zabarmanci kuwa, wa zai bi sawunta?

Hukumomi sun amsa da abin da ke hannunsu. A watan Janairun 2015, bayan tarzomar da aka yi a Damagaram da Yamai kan zanen jaridar Charlie Hebdo, an toshe SMS da shafukan sada zumunta na ɗan lokaci. A 2019 aka yi dokar laifukan intanet. A 2022 aka cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna da zagi, a watan Yunin 2024 aka maido shi. Wanda kowa ke tunawa shi ne na 2021: washegarin bayyana sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, ranar 24 ga Fabrairu, aka ɗauke intanet na salula kusan kwana goma. A kwanakin nan ne na gane yadda muka dogara da shi. Mata masu sayar da atamfa da turare ta WhatsApp ciniki ya tsaya cak. Ƴan ci-rani suka koma sayen kiredi mai tsada don jin lafiyar gida. Jita-jitar kuma ba ta mutu ba, ta koma baki da baki a fada da tasha, inda ba mai iya ƙaryata ta. Ra'ayina, kuma na sha faɗa a iska, rufe rezo yana hukunta mai gaskiya dubu don maƙaryaci ɗaya. A kwanakin wayar situdiyonmu ba ta huta ba.

Sai maganar da kuka fi kira a kanta: tsada da rashin ingancin rezo. Ni ma na sha sayen forfe da dare in wayi gari babu shi, na je ofishin kamfanin aka ce wayata ce ke sha a ɓoye. Ban gamsu ba. Amma adalci ya sa a faɗi abin da ke bayan labule. Nijar ba ta da teku, intanet na duniya kuwa ta igiyoyin ƙarƙashin teku yake tafiya. Dole namu ya biyo ta ƙasashen maƙwabta, tsohuwar hanyar ita ce ta Doso da Gaya zuwa Kwatano, kuma kowane mataki da kuɗinsa. A watan Yulin 2009 da igiyar SAT-3 ta lalace, mu da Benin da Togo da Najeriya duk muka ji a jikinmu. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu suka katse a gaɓar Kodebuwa, nan ma ya taɓa mu. Aikin shimfiɗa igiyar da za ta ratsa Sahara ta haɗa mu da Aljeriya da Chadi da Najeriya, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, don rage wannan dogaron aka tsara shi. Ga faɗin ƙasa, ga eriyoyin da ke aiki da gazuwal da hasken rana saboda babu kuran, ga yankunan da rashin tsaro ya sa gyaran eriya ya zama sai da rakiya. Kun tuna watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulki: masu cajin waya da janareto a bakin titi su ne suka ci kasuwa.

Tsakanin gwamnati da kamfanoni kuma, rigimar haraji ba ta ƙarewa. Harajin kiran da ke shigowa daga waje an cire shi a kasafin 2018, aka maido shi a na 2019, alhali ƴan ci-rani sun riga sun koma kiran WhatsApp. A ƙarshen 2018 ma'aikatar haraji ta garƙame ofisoshin Orange da na Airtel a Yamai. Shekara guda bayan haka Orange ya sayar da hannun jarinsa ga Zamani Com, na Mohamed Rissa mai Rimbo da Moctar Thiam, ya tattara ya tafi, kamfanin ya koma Zamani Telecom. Sonitel da aka sayar wa ƴan Sin da ƴan Libiya a 2001, gwamnati ta karɓe abinta, a 2016 ta haɗe shi da SahelCom aka samu Niger Telecoms. Yau kamfanoni huɗu ne a fage, Airtel ne kan gaba, hukumar ARCEP ke alƙalanci.

Wani abin da baƙi ke mamaki: a Kenya kuɗi a cikin waya suke yawo, mu nan kamfanonin waya sun gwada tun zamanin Zap na Zain, amma jama'a suka fi sakin jiki da Al Izza da Nita da Amana da BNIF Afuwa. Mutum ya je kanta, ya ga fuskar wanda ya karɓi kuɗinsa, sannan ya kira gida ya faɗi lambar sirri da bakinsa. Sai daga baya, da waɗannan gidajen suka fito da manhajojinsu irin MyNita, kuɗin suka fara shiga waya da gaske.

Na baya-bayan nan shi ne Starlink, mai kawo intanet daga tauraron ɗan adam. An sa hannu da shi a watan Oktoban 2024, ya fara aiki a hukumance a 2025. Na'urarsa ta fi ƙarfin talaka, amma kun ga yadda aka yi da ita: mutum ɗaya ya saya ya ɗora a kan rufi, ya riƙa sayar da tikitin wifi na awa ko na yini, matasa su zagaye gidan da kujerunsu. Telesantar ce ta dawo, labulen ne kawai babu.

Duk da haka, masu shiga intanet a ƙasar nan ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Mu da ke karanta wannan rubutu mu ne ƴan ƙalilan, kamar masu wayar gida na da. A ƙauye har yanzu ana hawa tudu neman rezo, ana ba da waya a kai ta caji ranar kasuwa, mata da yawa kuma da wayar miji ko ta ɗa suke magana, a gabansa. Waɗannan rediyo ce ke kai musu labari, shi ya sa zan karanta wannan rubutu a iska ranar Talata, da Hausa, abokin aikina kuma ya maimaita da Zabarmanci.

Kafin nan ina cigiya. Duk wanda ya taɓa riƙe telesantar a Yamai, ko yake da tsohon kasat na saƙo a cikin akwati, ya taimaka ya neme ni, muna son mu sa wa yara su ji da izinin masu shi. Wanda kuma ya tuna lambarsa ta farko mai shida, ya faɗa mana a wace unguwa ya sayi pus ɗin da nawa ya biya. Ku turo vokal, amma don Allah kar ya wuce minti biyu. Gwaggo, har da ke.